Sawun da Kyamara Ta Bari

Ranar da aka dawo aiki bayan hutun ƙarshen mako, Nas ta buɗe ƙaramin asibitinta da ke ƙasan dogon benen nan mai shaguna, sai ƙafarta ta faɗa cikin ruwa. Firjin magani ne ya mutu ya narke. Allurar rigakafin jarirai da ta masu ciwon suga duk sun ɗumama sun lalace. Ta zagaya lungun baya da gudu, ta tarar da ƙofar ɗakin baturan sola a wangale, kwaɗo a yanke a ƙasa, ɗakin wayam sai wayoyi suna reto.

A jikin ƙofar an manna hoto babba, an manna wani irinsa a bakin matakala. Mai Walda ne a ciki, durƙushe gaban wannan ƙofa, injin yankan ƙarfe a hannunsa.

Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya ɗauka. Kowa a benen ya san Mai Walda ya taɓa zaman gidan yari tun yana saurayi. Ana kai masa aiki don ya iya, amma ba a taɓa mantawa ba. Kafin 'yan sanda su iso an fasa masa baki, an ragargaza rumfarsa. Wakili, mutumin da mai benen ya ɗora kan kula da 'yan haya, shi ya janye shi daga hannun jama'a yana cewa a bar hukuma ta yi aikinta. Sannan ya bi ɓarnar yana ɗauka da 'yar kyamararsa ta aljihu, don ya nuna wa ubangidansa.

*

Matar Mai Walda ba ta je wurin lauya ba, gidan kawunta ta nufa.

Tsohon mai gadin daji ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin sawun masu farautar sata. Ko a kan kwalta yake tafiya idonsa na ƙasa, shi ya sa ake kiransa Kai-Ƙasa, amma a bayan idonsa. Tun farko bai so wannan aure ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

"Kawu, wallahi ba shi ba ne."

"Ke kika zaɓi abinki," ya ce, bai ko ɗago daga takalmin da yake gogewa ba. "An ce har da hoto."

"Ban zo don ka so shi ba, Kawu. Na zo ka duba ƙasa."

Ya daɗe yana goge wuri ɗaya. Daga baya ya sa takalmin ya miƙe.

*

Da ya shiga lungun, masu shaguna suka fito suka jeru kamar an kira su. Tela ya tofar da yawu kusa da ƙafarsa.

"An turo surukin ɓarawo ya wanke shi," in ji wani daga sama.

Kai-Ƙasa ya shiga duba ƙasa. An share lungun da tsintsiya, sharar gaggawa, amma a gefen kwata ya ga inda tayar baro ta nutse saboda nauyi, ta fita ta ƙofar baya. Ya tsuguna a bakin ɗakin baturan, ya shafa dokin ƙofa da yatsa, ya shafa tsagar siminti inda tsintsiya ba ta shiga, ya duba yatsan a rana. Tas yake.

Nas tana tsaye a kansa, hannu a ƙugu, idonta ja.

"Baba, wata tsohuwa tana can babban asibiti ba ta san inda take ba, saboda allurarta a firjina take. In ka zo neman wa mutumin nan mafita ne, ga hanya."

"Hoton nake so in gani."

Ta shiga ta ɗauko na bakin matakala, ta wurga masa. Wakili ne ya tsince shi daga ƙasa, ya kaɗe, ya miƙa masa da hannu biyu.

"A yi haƙuri, Malam, rai ne ya ɓaci. Duk abin da kake buƙata ka yi magana."

*

A ofishin 'yan sanda aka ba shi ɗan lokaci da Mai Walda. Leɓensa ya kumbura, maganar da ƙyar take fita.

"Ni ne a hoton, Kawu. Amma tun makonnin baya ne. Ƙofar ta sauko tana jan ƙasa, na ga Nas tana fama da ita kullum. Ta taɓa ɗaure mini ƙuna ba ta karɓi komai ba. Rannan ba ta nan, na je na yanke ƙasan na ɗaga mata."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"Kai da ka san yadda ake kallonka, ka ɗauki injin yanka ka je ƙofar mutane ba shaida?" Kai-Ƙasa ya ja tsaki. "Ko ba ka yi sata ba, ka yi wauta."

Mai Walda ya sunkuyar da kai. Kai-Ƙasa ya fito daga ofishin da tambaya ɗaya a ransa: mutumin da ya ga ana yanka ƙofa, ya tsaya ya ɗauki hoto, ya ajiye bai gaya wa kowa ba, me yake jira?

*

Masu hoto biyu ne a benen, kuma ba sa ga-maciji. Na farko tsoho ne mai dogara sanda, mai situdiyo a hawan sama, tagarsa ta baya tana kallon lungun. Kowa ya san ya tsani Mai Walda, don ƙarar injinsa takan kore masa mutane. Tela ma cewa ya yi, hoto mai girman nan sai kyamara mai tsada, kuma ta tsohon ce kaɗai mai tsada a benen.

Mai Situdiyo ya karɓi hoton da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Ni? Ni zan ɗauki wannan ƙazanta? Da ka ce ni na saci baturan da ya fi mini sauƙi."

"Me ya same shi?"

Tsohon ya harare shi, ya jawo kyamararsa baƙa mai nauyi, ya murɗe gilashin gaba ya cire. A can ciki akwai wani ɗan faranti mai sheƙi.

"Ka ga wannan? Sensa ke nan, shi ke kama haske. Nawa ya kusa faɗin kwalin ashana. Akwai matsakaita, kamar kan sarki na wasiƙa. Akwai kuma na 'yan wasan yara, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Duba fuskar mutumin nan a inuwa. Ka ga yashi-yashi? Ka ga kumatunsa kamar kyandir da ya narke? Ƙaramin sensa ne ya rasa haske, kyamarar ta shafe wurin da ƙarya. Tawa ko da magariba ce, sai ka ƙirga gashin gemunsa."

Ya buga yatsa a kan hoton.

"Kuma dubi nan. Bututun da ke kusa ya fito, mutumin ya fito, ƙofar baya can nesa ita ma ta fito. In na jawo mutum haka da tawa, bayansa dishi-dishi zai yi. Ga siffar ma, gajere ne, ya kusa zama murabba'i. Nawa dogo yake fita. Je ka wurin wancan mai surutun na ƙasa, ka bar ni in yi aikina."

*

Na biyun shi ake kira Dogon Hanci, saboda kyamararsa da in ya danna sai bakinta ya yi ta fitowa kamar ba zai tsaya ba. A filin ƙwallo yake ɗaukar 'yan wasa.

"Tsohon ne ya turo ka, ko?" ya ce tun kafin a gaisa. "Hassada ce. Tasa megafiksil sha biyu ce, tawa ashirin. Ɗigo miliyan ashirin a hoto ɗaya! Daga nan sai in ɗauko maka lambar motar da ke ƙarshen titi."

Muryar Mai Situdiyo ta sauko daga baranda, ashe yana saurare.

"Ashirin ɗin banza! Ɗan ƙaramin ɗaki ne aka yanka gida ashirin aka zuba 'yan haya, kowa tagarsa kamar ramin allura. Nawa falo ne, mutum sha biyu, kowa da tagarsa har ƙasa. Wa ya fi samun haske?"

"Falon naka ya taɓa jawo maka mai tsaron gida daga wancan gefen fili?"

Kai-Ƙasa ya ɗaga hannu.

"Ku taho da kyamarorin duka biyun. Baki ba ya barin sawu, ni kuma sawu na iya karantawa."

Hoton daga sama aka ɗauke shi, daga ƙarshen baranda, inda kowa ke iya tsayawa. Da la'asar, lokacin da inuwa ta rufe lungun kamar yadda take a hoton, Kai-Ƙasa ya sa Tela ya tsuguna a bakin ƙofar yana gunaguni, masu hoton suka ɗauka, aka wanke.

Na tsohon ya fito dogo, fes, Tela ɗan ƙarami a tsakiya. Ko da aka yanko shi aka ƙara girma, ana ganin zaren da ya maƙale a kafaɗarsa. Na Dogon Hanci kuwa gajere, ya cika da Tela, fuskar yashi-yashi, kumatu a narke, komai na gaba da na baya ya fito. Kamar uwa ɗaya ta haife shi da hoton Mai Walda.

Nan take jama'a suka juya. Waɗanda suka yi wa Kai-Ƙasa tofi da safe su suka fara cewa dama sun san yaron nan ɗan iska ne. Dogon Hanci ya rungume kyamararsa ya ja da baya har ya bugi bango.

"Wallahi ban ɗauka ba! Ni a ƙarshen makon ma ina can garin da aka yi gasa, ku tambayi 'yan ƙungiya!"

"Hoton ba a ƙarshen mako aka ɗauka ba," in ji Kai-Ƙasa. Wannan ya ƙara tunzura su. Sai da ya tsaya a gaban Dogon Hanci ya ce duk wanda ya taɓa shi da sunansa zai kai wa Sufeton 'yan sanda, sannan suka watse suna zagi.

*

Washegari da safe Kai-Ƙasa ya shimfiɗa hoton Mai Walda da wanda Dogon Hanci ya ɗauka a tabarma a tsakar gidansa, inda rana ta fi ƙarfi. A daji ya koyi cewa kofato yakan gaya maka irin dabbar, amma ba ya gaya maka wace ce a cikin garke. Sai ka samu tsaga a kofaton, ko ɗingishi. Hotunan nan iri ɗaya ne. Tsagar yake nema.

Ya bar kallon mutanen da ke ciki, ya bi gefe-gefe. A hoton Mai Walda, can sama ta hagu, a kan farin bango, akwai wani tabo toka-toka kamar ƙwayar wake, ba shi da baki sosai. A na Dogon Hanci bangon fari ne sol. Ya koma lungun ya duba bangon da idonsa. Babu tabo, kuma babu alamar an yi sabon fenti.

Mai Situdiyo ya yi kamar ba zai buɗe masa ƙofa ba. Da ya ga tabon sai ya ɗauko gilashin ƙara girma.

"Ƙura ce," ya ce. "A kan sensa take. In ta shiga tawa, in cire gilashi in hure ta, kuma ko ta zauna ɗan ɗigo ne, don farantin babba ne. Amma waɗannan ƙanana a rufe suke. Hancin nan da ke fita yana komawa shi ke zuƙo ta, in ta shiga ta shiga ke nan. Kuma a kan sensa kamar farce, ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce. An fi ganinta in an jawo abu daga nesa, a kan bango ko sararin sama."

"A wuri ɗaya take fita kullum?"

"Ko hoto dubu aka ɗauka."

"Ke nan akwai kyamara ta uku."

"Ni ban ce ba. Rufe mini ƙofa in ka fita."

Kai-Ƙasa ya sauko a hankali. A karon farko cikin shekaru ya bi wuri kansa a ɗage. Ya duba hotunan riguna a shagon Tela, ya duba na askin da ke jikin gilashin wanzami. A bakin babbar ƙofa akwai allon sanarwa, inda ake manna hotunan gidajen haya, waɗanda aka ɗauko daga tsallaken titi don ginin ya fito duka. A saman gida na farko, ta hagu, akwai wani abu kamar tsuntsu. A saman na biyu ma tsuntsun yana nan. Na uku ma bai tashi ba.

*

Da hantsi ya sa Sufeto ya zo, aka taru a ɗakin jiran asibitin: Nas, masu hoton biyu, Tela, Wakili, da matar Mai Walda a bakin ƙofa, ba wanda ya matsa mata wurin zama. Sauran suka cika taga.

"In an yanka kwaɗo da inji, garin ƙarfe yakan zuba," in ji Kai-Ƙasa. "Tsintsiya ba ta kwashe na cikin tsagar siminti. Ranar da na zo ban samu sabo ko kaɗan ba. Da makulli aka buɗe, a wani wurin aka yanka kwaɗon, aka dawo da shi aka yar."

"To ni kake nufi?" Nas ta miƙe. "Ni zan kashe firjina da hannuna?"

"Zauna, 'yata. Wanda ya ɗauki hoton nan ya ga Mai Walda yana gyaran ƙofa, ya ajiye hoton har ranar da zai buƙaci wanda za a ɗora wa. Ba kyamarar tsohon nan ba ce, sensansa ya yi girma. Irin ta Dogon Hanci ce, amma ba ita ba ce."

Ya jera hotunan gidajen haya a kan benci, ya sa na Mai Walda a tsakiya, ya bi tabon da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya sunkuya. Mai Situdiyo ya miƙa masa gilashinsa ba tare da an roƙa ba.

"Wakili, wa ke ɗaukar maka hoton gidaje?"

Wakili ya yi murmushi. "Haba Malam. Ni da na ceci yaron nan daga hannun mutane? Ai wannan dattin wurin wanki ne."

"To fito da kyamararka ka ɗauki sama, mu gani."

"Ta ɓace tun tuni."

"Ƙarya kake!" in ji Nas. "Da ita ka ɗauki firjina a gabana ranar. Kuma makullina na biyu, wanda ka ce mai bene ya ce a ajiye a wurinka, ka dawo mini da shi?"

Sufeto ya miƙa hannu. Wakili ya dubi ƙofa, ya dubi taga, duk fuskoki ne. Ya zaro 'yar kyamarar daga aljihun ciki. Dogon Hanci ya fizge ta, ya leƙa waje, ya jawo hancinta har ƙarshe, ya ɗauki sama. Ya juyo da allon bayanta kowa ya gani. Babu gajimare ko ɗaya, sai ƙwayar wake can sama ta hagu.

"Mai Walda tsohon ɗan gidan yari ne fa," Wakili ya ce, murmushin ya tafi. "Shekara nawa ina so ya bar rumfar nan? Ku duka kun ce ku ma kun gaji da shi!"

Tela ne ya fara cire takalmi zai jefe shi, 'yan taga suka soma ihun a fito da shi. Da ƙyar Sufeto ya kai shi mota. A ranar aka samu baturan a ɗaya daga cikin gidajen da ke allon, an lulluɓe su da buhuna, baro na jingine a gefe.

*

Da yamma aka sako Mai Walda. Ya tsaya a gaban rumfarsa, matarsa na riƙe da hannun rigarsa. An karya ƙofa, an fasa injin walda da dutse, an tsinke wayoyi, gilashin fuskarsa a tattake cikin ƙasa. Maƙwabta suna wucewa ɗaya-ɗaya suna cewa sannu, Allah ya kiyaye gaba, dama su tun farko ba su yarda ba.

Sai da suka ragu Mai Walda ya juya wurin Kai-Ƙasa.

"Kawu, tun da ka iya. Wa ya fasa mini inji?"

Ƙasar rumfar baƙa ce, ta sha mai, ba a share ta ba tun ranar. Kai-Ƙasa ya tsuguna a bakin ƙofa ya daɗe yana dubawa. Ga silifan Tela mai cinyayyen dunduniya. Ga takalmin ƙwallo. Ga ɗan zagayen robar sandar Mai Situdiyo. Kusa da injin, inda aka tsaya aka ɗaga dutse, ga ƙaramin takalmin roba mai zane-zane, irin na masu aikin asibiti.

Ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Kana so in gaya maka, ko kana so ka ci gaba da zama a nan?"

Mai Walda ya ɗaga kai ya dubi benen. A kowace baranda akwai mai leƙe, kuma duk wanda suka haɗa ido sai ya ɗaga masa hannu.

"Je ki nemo mota," ya ce wa matarsa. "Babba."